Ferrari 250 GTO mai lamba 3851GT: ta yi hatsari sau biyu, aka saye ta dala miliyan 38. Me aka saya?

Injiniya Bashir:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ina so mu zauna a kan mota guda ɗaya tak: Ferrari 250 GTO mai lambar casis 3851GT. Ranar 14 ga Agusta 2014 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da ita a Quail Lodge da ke Kalifoniya kan dala 38,115,000. Kafin ranar ba a taɓa biyan irin wannan kuɗi kan mota a gwanjo ba. Wadda ke riƙe da kambun kafin ita Mercedes W196 ce da shahararren direba Fangio ya yi tsere da ita, wadda aka sayar a Ingila a 2013 kan kusan dala miliyan 30.

Ga waɗanda ba su saba da GTO ba: guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Injinta V12 ne mai lita 3, kafireto shida na Weber, ƙarfin doki wajen 300. Giotto Bizzarrini ne ya fara aikinta, da ya bar kamfanin a 1961 sai Mauro Forghieri da Sergio Scaglietti suka ƙarasa. Bodin alminiyam ne da aka buga da guduma a shagon Scaglietti a Modena, shi ya sa ba za ka sami biyu da suka yi daidai ciki da bai ba. Sabuwarta dala 18,000 ce a Amurka, kuma kuɗinka kaɗai ba ya isa, sai mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya amince da kai.

Ita wannan tamu ta fito daga masana'antar Ferrari da ke Maranello a Satumban 1962, launin toka mai haske, aka damƙa ta ga direban Faransa Jo Schlesser. Kwanaki kaɗan bayan haka shi da abokinsa Henri Oreiller suka zo na biyu da ita a tseren Tour de France na motoci. A watan Oktoba Oreiller ya yi hatsari da ita a filin Montlhéry ya rasu. Aka mayar da ragowarta masana'anta aka sake gina ta. A 1963 tana hannun Paolo Colombo yana tseren hawan tsauni da ita a Italiya. A 1964 ta koma hannun Ernesto Prinoth, shi ma ya kifar da ita a filin tseren Monza, aka sake gyarawa. A 1965 wani matashi ɗan birnin Rum, Fabrizio Violati, ya saye ta kan lira miliyan biyu da rabi, wato wajen dala 4,000, bai kuma rabu da ita ba har ya rasu a Janairun 2010.

Ra'ayina shi ne wanda ya biya miliyan 38 ba ƙarfe ya saya ba. Silsilar nan ya saya: hannu huɗu, kowanne sananne, babu shekara ɗaya da za a ce ba a san inda motar take ba. Ina son jin ta bakinku, musamman Baba da ya yi rayuwarsa a kan bodin mota.

Alhaji Dillali:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ni dai a sana'armu motar da ta taɓa hatsari farashinta ƙasa yake yi, ko da wane gwani ne ya gyara. Mai saye zai sunkuya ya duba ƙarƙashi, ya ga alamar walda, ya rage maka kuɗi, kuma yana da gaskiya. Wannan kuwa sau biyu, har da rai a ciki. Ka tabbata ba sunan Ferrari kawai aka biya ba?

Baba Mai Bodi:
Bashir ɗana, tunda ka kira ni bari in faɗi abin da na sani. Motar da aka yi hatsarin da ya kashe direba da ita a filin tsere, ba lotsewar ƙofa muke magana ba. Casis ɗin irin waɗannan motoci bututun ƙarfe ne aka haɗa da walda. In ya tanƙware, wani wuri a miƙe shi, wani wuri a yanke a sa sabo. Bodin alminiyam kuwa siriri ne, in ya yayyage ba a tsayawa lallaɓa shi, sabon fale ake bugawa. To ka lissafa: ginin 1962, sake gini bayan Montlhéry, gyara bayan Monza, sannan shekara arba'in da biyar a hannun mutumin da kai da kanka ka taɓa gaya mana tsere yake da ita ba ajiya ba. Motar tsere cin kanta take yi. Birki, kuloci, fistan, komai ana canzawa.

Tambayata ita ce, cikin abin da Schlesser ya karɓa a Satumban 1962, me ya rage? In amsar ita ce farantin lamba da wasu bututu, to a ce an sayi farantin lamba, kada a ce an sayi motar Schlesser.

Injiniya Bashir:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Tambayar tana da nauyi. Amma a duba wanda ya yi gyaran farko da lokacin da aka yi shi. Ba wani gareji ba ne bayan shekara talatin. Masana'antar Ferrari ce da kanta, a lokacin da ake tsakiyar ƙera GTO, da hannayen da suka buga ta tun farko da kayan da ke kan kanta a ranar. Motar da ta fito daga wannan gyara GTO ce ta zamaninta ta kowace fuska, kuma da ita Colombo ya ci ajinsa a yawancin tseren da ya shiga a 1963. Wannan tarihin nata ne, ba na aro ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Kafin a wuce, ina roƙon kada Oreiller ya zama layi ɗaya a cikin lissafi. A Faransa sunansa ya fi na motar girma. An haife shi a Paris a 1925, ya tashi a Val d'Isère cikin tsaunuka. A gasar Olamfik ta hunturu ta 1948 a St. Moritz ya ci zinare biyu da tagulla ɗaya a tseren zamiya kan dusar ƙanƙara. A tseren gangarowa daga tsauni ya ba na biyu tazarar fiye da daƙiƙa huɗu, abin da masu wannan wasa suka san ba ƙaramin abu ba ne. Bayan ya bar zamiya ya koma tseren mota. Ranar 7 ga Oktoba 1962 ya rasu a gasar Coupes du Salon a Montlhéry, kudu da Paris, yana da shekara 36. An ruwaito cewa taya ce ta fashe yana cikin gudu.

Shi ma Schlesser bai tsira daga wannan sana'a ba. A 1968 ya ƙone a cikin motar Honda a gasar Grand Prix ta Faransa a Rouen. Wato mutanen nan biyu da suka zo na biyu tare a Tour de France, cikin shekara shida duk sun tafi a bayan sitiyari. Ni duk lokacin da na ga hoton motar nan ja tana sheƙi a filin gwanjo, su nake fara tunawa.

Wani abu kuma game da wannan tsere na 1962: wadda ta zo ta ɗaya ba GTO ba ce. André Simon ne da tsohuwar 250 GT mai gajeren casis, wato yayar GTO ɗin.

Auta:
Yaya Bashir, ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne farashin 1965. Mota ta dala 18,000, shekara uku kacal, ta koma 4,000? Me ya faru?

Injiniya Bashir:
Ƙanena, tsohuwar motar tsere ce kawai a idon mutanen lokacin. GTO ta ci wa Ferrari kambun duniya na ajin GT, wato motocin gudu da ake iya hawa a titi, a 1962 da 1963 da 1964. A 1965 kamfanin Shelby na Amurka ya karɓe shi da motarsa Cobra Daytona, motoci masu inji a tsakiya kuma sun fara mamaye fili. Wanda ke neman nasara ba ya buƙatarta, wanda ke neman motar zuwa ofis kuma ba zai iya da ita ba: zafi, ƙara, babu abin jin daɗi a ciki ko ɗaya.

Ka ji labarin 'yar uwarta mai lamba 3589GT. Direba Innes Ireland ya yi tsere da ita, daga baya mai ita a Texas ya ba wata makarantar sakandare kyautarta don ɗalibai su koyi kanikanci. A farkon shekarun 1970 makarantar ta sayar, wanda ya saya ya ajiye ta kan tirela a fili a jihar Ohio, ruwa da rana da dusar ƙanƙara suna dukanta fiye da shekara goma. Nick Mason mai ganga na ƙungiyar Pink Floyd ya sayi tasa, 3757GT, a ƙarshen shekarun 1970 kan ƙasa da fam 40,000, kuma a lokacin ana ganin ya yi tsada.

A nan ne nake ganin girman Violati. Ya saya lokacin da ba wanda ke so. Ɗan gidan masu kuɗi ne, danginsa ne ke da ruwan kwalba na Ferrarelle, amma shi da kansa ya sha ba da labarin cewa ɓoye motar ya yi wa iyayensa, sai dare yake fita da ita. Daga baya ya tara motocin Ferrari da Abarth ya buɗe gidan ajiya a San Marino mai suna Maranello Rosso, GTO ɗin ce uwar ɗakin. Kuma bai kulle ta ba, ya ci gaba da shiga tseren tsofaffin motoci da ita. Farashi ya hau a ƙarshen shekarun 1980, bai sayar ba. Farashin ya faɗi, bai damu ba. Ya sake hawa, bai sayar ba.

Alhaji Dillali:
Wannan faɗuwar da ka ambata ina so matasan gidan nan su ji ta da kyau, domin ana yawan cewa irin waɗannan motoci ba sa faɗuwa. A 1989 wani ɗan Japan ya sayi GTO kan fiye da dala miliyan 13. Kasuwa ta karye, a 1994 aka sayar da ita ƙasa da miliyan 4. Duk abin da ake saye don a sayar, ranar kuka tana nan.

Hajiya Lauya:
Assalamu alaikum. Baba, da girmamawa, ina ganin tambayarka da ta Injiniya ba ɗaya ba ce, shi ya sa ba za ku haɗu ba. Kai kana tambayar nawa ne ya rage na ƙarfen asali. Shi yana tambayar ko akwai wata mota a duniya da za ta iya tashi ta ce ita ce 3851GT. Ta biyun ce ke sa lauyoyi rashin barci.

Matsalar da aka fi samu a tsofaffin motocin tsere ita ce: mota ta yi hatsari, a cire casis ɗin da ya lalace a jefar bayan shago, a gina sabo a buga masa tsohuwar lamba. Bayan shekara ashirin wani ya tsinci wancan da aka jefar, ya gina mota a kansa. Yanzu motoci biyu, lamba ɗaya, kowanne da hujjarsa. Ko kuma mota ta ɓace daga idon duniya shekara goma sha biyar, sai ta ɓullo a wata ƙasa da takardu masu kyau fiye da kima. A nan ake asarar dukiya a kotu.

3851GT ba ta da wannan ciwo. Gyaranta na farko a gidan da aka haife ta aka yi. Colombo da Prinoth sun yi tsere da ita a bainar jama'a, akwai sunayensu a jerin masu shiga gasa, akwai hotuna. Shi Prinoth ba ɓoyayyen mutum ba ne, shi ne ya kafa kamfanin Prinoth mai ƙera motocin gyaran dusar ƙanƙara a arewacin Italiya, har yau kamfanin yana aiki. Daga 1965 kuma gida ɗaya, shekara 49 in aka haɗa da huɗun da suka biyo bayan rasuwar Violati. Gidan gado da ake yi wa yaɓe kowace shekara, har a rushe bango a sake tayarwa, ba wanda ke cewa ba gidan kakanku ba ne, muddin ba a taɓa barinsa ba kuma unguwa ta shaida. Abin da mai saye ya biya ke nan.

Baba Mai Bodi:
'Yata, na ji, kuma ban ce motar jabu ce ba. Amma ki dubi abin da kasuwar da kanta ta faɗa. Bashir, kawo mana farashin sauran.

Injiniya Bashir:
To Baba. A 2013, shekara guda kafin wannan gwanjo, an ruwaito cewa an sayar da 5111GT a ɓoye kan dala miliyan 52. Saboda haka da yawa sun zaci ta Violati za ta haura hamsin. Guduma ta faɗi a kan 34,650,000, la'adar kamfanin gwanjo ta kashi goma ce ta kai ta 38,115,000. A Agustan 2018 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da 3413GT a Monterey kan dala miliyan 48.4. A shekarar dai aka ruwaito David MacNeil, mai kamfanin WeatherTech, ya sayi 4153GT kan wajen miliyan 70. Ita ce ta zo ta huɗu a tseren Le Mans a 1963, ta kuma ci Tour de France a 1964 a hannun Lucien Bianchi da Georges Berger.

Baba Mai Bodi:
Ka gani. Ita 4153 abin da ake yabonta da shi, bayan nasarorinta, shi ne ba ta taɓa mummunan hatsari ba. Masu kuɗin nan sun san abin da nake faɗa. Tsakanin 38 da 70 akwai miliyan talatin da wani abu, kuma wani kaso na wannan tazara kuɗin ƙarfen da ba a taɓa yankawa ba ne. Hannun mutumin da ya fara buga fale yana nan a jikinsa, kowane bugu da inda ya sauka. In an canza, an canza, ko da ɗan'uwansa ne ya buga na biyun a shago ɗaya.

Hajiya Lauya:
Baba, shekara huɗu ce tsakanin cinikin biyu, kuma ɗaya gwanjo ne a fili, ɗaya ciniki ne a ɗaki wanda ba mu da shi sai ta bakin 'yan jarida. Ba zan musa cewa hatsari ya rage mata kuɗi ba. Amma ka dubi 3413GT da Injiniya ya ambata. Bodin da ke kanta yau ba shi ne na 1962 ba. A farkon 1964 mai ita na lokacin, Corrado Ferlaino, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwallo ta Napoli, ya sa Scaglietti ya cire tsohon bodin ya ɗora mata sabon fasali na 1964. Da wannan sabon bodi ta ci ajinta a tseren Targa Florio na Sisili a shekarar. Kafin nan direba Phil Hill ya yi gwaji da ita a Sisili a 1962, Edoardo Lualdi-Gabardi ya ci kambun GT na Italiya da ita, Gianni Bulgari na gidan masu gwal ya ci ajinsa a Targa Florio ta 1963. In ƙa'idar ita ce fale na farko, to wannan ta faɗi gaba ɗaya, amma ta fi ta Violati da miliyan goma.

Baba Mai Bodi:
Canza riga daban, karya ƙashi daban. Waccan riga aka canza mata, casis ɗinta da injinta suna nan. Ni a kan ƙashi nake magana.

Malam Habu:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina bin muhawarar tun farko. Abu biyu nake so in faɗa.

Na farko, zuciyata ba ta natsu da waɗannan alƙaluma ba, kuma ba zan ɓoye ba. Dala miliyan 38 kan abin hawa mai kujera biyu, alhali mun san abin da wannan kuɗi zai yi a asibiti ko makaranta a ko'ina cikin duniya. Sha'awar ƙira da tarihi halal ce, ni ma ina jin daɗin karatun da Injiniya ke yi mana. Amma kada sha'awa ta sa mu daina jin nauyin adadin.

Na biyu ya shafi maganar Alhaji. A fiƙihun ciniki wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, in ya ɓoye mai saye na da haƙƙin mayarwa. Abin da ya burge ni a labarin nan shi ne ba a ɓoye komai ba. Mutuwar Oreiller da kifewar Monza duk an bayyana su kafin a buga guduma. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya saya ya sani, ya yarda, ya biya. Ta wannan fuska cinikin ya fi tsabta a kan da yawa daga ƙananan cinikayyar da ake yi kullum, inda ake shafe tsaga da fenti a yi shiru.

Alhaji Dillali:
Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ce, kuma ta shafe mu kai tsaye. Mota mai aibin da aka faɗa ta fi mai aibin da aka rufe saurin fita, domin mai saye ya san iyakar abin da zai tarar.

Injiniya Bashir:
Malam, na karɓi ta farkon ba tare da gardama ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne Violati ba ya cikin waɗanda suka zuba miliyoyi. Dala 4,000 ya biya, kuma bai ci ko sisi daga hauhawar ba domin bai sayar ba. Ya buɗe ƙofa mutane suna zuwa San Marino suna kallo. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo bayansa. Tarin da ya kwashe rayuwarsa yana haɗawa ya watse cikin 'yan watanni. Motoci goma aka kai Kalifoniya a wannan gwanjo, GTO na cikinsu, wasu kuma aka sayar a Goodwood ta Ingila a watan Satumba. Motar da ɗan makaranta zai iya sayen tikiti ya tsaya gabanta ta koma inda sai mai ita ya ga dama a gan ta.

Auta:
Anti Hajiya, to yaya ake gane ta gaske da ta jabu? Na ga hotunan GTO da yawa a intanet, sun fi 36 nesa ba kusa ba.

Hajiya Lauya:
Ƙanena, sun fi, domin akwai kwaikwayo da yawa. Hanya uku ake bi a tare. Akwai lambobin da aka buga a casis da inji da giya, har da lambobin ciki waɗanda masana'anta kaɗai ke da rajistarsu. Akwai sashen Ferrari Classiche da kamfanin ya buɗe a 2006, wanda ke duba mota ya gwada ta da takardun ƙira na asali ya ba da shaida. Sannan akwai masana masu zaman kansu irin su Marcel Massini na Suwizalan, wanda ya shafe shekaru yana tara fayil kan kowace lambar casis: wa ya saya, yaushe, wane launi, wace gasa. GTO ta yi sa'a domin 36 ɗin duka suna nan kuma an san kowacce, saboda haka ba wurin da baƙuwa za ta kutsa.

Kuma kada ka ɗauka manyan mutane ba sa maguɗi a wannan harka. A Ingila an ɗaure Lord Brocket a 1996 saboda ya sa an wargaza wasu tsofaffin motocinsa na Italiya, yawancinsu Ferrari, ya ce wa kamfanin inshora sace su aka yi.

Ta fuskar shari'a kuma, a 2019 wata kotu a Bologna ta yanke cewa fasalin 250 GTO aikin fasaha ne da doka ke karewa, ba kowa ke da izinin kwaikwayonsa ba. Amma a 2020 ofishin Tarayyar Turai mai kula da alamun kasuwanci ya soke rajistar da Ferrari ke da ita kan siffar motar a ɓangaren motoci, bayan ƙarar da kamfanin Ares Design ya shigar, bisa dalilin cewa Ferrari ya daɗe bai yi amfani da siffar ba. Hukunci biyu ne kan dokoki biyu daban, kada a haɗa su.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ta yi bayani mai kyau. Ni dai inda na tsaya: ko ƙarfe aka saya ko silsila, sunan Oreiller na cikin abin da aka sa wa farashi a ranar, kuma hakan bai kwanta mini ba. Na fi son a riƙa ambatonsa da zinarensa na 1948 kafin a ambace shi da lambar casis.

Injiniya Bashir:
Haka ne ɗan'uwa, kuma na gode da ka kawo tarihinsa cikakke. Baba, har yanzu kana kan bakanka?

Baba Mai Bodi:
Ina kai, Bashir. In an jera mini su biyu aka ce in zaɓa, wadda ba a yanke ba zan nuna. Amma tunda Auta ya tayar da maganar kwaikwayo, akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Da yawa daga GTO na kwaikwayo masu kyau ba daga iska aka gina su ba. Ferrari ta ƙera wata mota mai kujera huɗu a farkon shekarun 1960, 250 GTE, guda ɗari tara da wani abu. Injinta ɗan gida ɗaya ne da na GTO, casis ɗinta ma dangi ne. Lokacin da GTE ba ta da tsada, sai mutane suka riƙa sayenta, su cire bodinta na kamfanin Pininfarina su jefar, su yanke casis su gajarta shi, su ɗora bodi mai kamar GTO. Motar da ke da lambarta da tarihinta da masu ita na gaskiya, an kashe ta don a yi hoton wata. Su waɗannan ba hatsari ne ya same su ba, da gangan aka sa musu zarto.

Bashir, in kana da lissafin GTE nawa suka rage da bodinsu na asali, ko labarin guda ɗaya da aka bi hannayenta tun daga Maranello, kawo mana. Ita nake son mu bi a gaba.